'Yan keken Abuja, a sanyaya jiki kafin a hau titi a bazarar nan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai albarka mu yi magana da matasan da suka rungumi tuƙa keke na dogon zango a Abuja, da kuma masu shirya musu tsere. Duk Asabar da Lahadi ana ganinsu ayari-ayari a titin filin jirgi, wasu su miƙe Gwagwalada ta Giri, wasu su bi Kubwa har Zuba, masu son hawa kuma su nufi Bwari ko Mpape. Abin farin ciki ne. Sai dai daga ƙarshen Fabrairu zuwa saukar damina zafin garin nan yakan kai digiri 37 zuwa 40, kuma abin da ake yi a wurin taruwa kafin a tashi yana damunmu ƙwarai. Mutum ya sayi keke mai tsada, ya sa kaya masu kyau, sannan ya yi minti 40 tsaye a kan kwalta, hular kwano a kansa, rana na dukansa, yana jiran waɗanda suka makara. Kafin ya taka feda ya riga ya kwashi zafin da zai karya shi a hanya.

Zafin cikin jikin mai lafiya yana kusa da digiri 37. Idan ya doshi 40, ƙarfi yakan tsinke, kuma daga nan ne haɗari yake farawa. Ke nan tazarar da ɗan keke yake da ita ba ta wuce digiri 3 ba. Jikin mutum kuwa ba ya mayar da abincin da ya ƙona ya zama tafiya sai kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar. Ragowar duk zafi ne, dole a fitar da shi. Don fitar da shi jiki yakan tura jini zuwa fata, jinin da ya kamata ya tafi cinya da ƙwauri, sai zuciya ta ƙara bugu alhali gudun bai ƙaru ba. Shi ya sa mai agogon auna bugun zuciya yakan ga lambar tana ta hawa a awa ta biyu ko da bai ƙara wuta ba. A gasar keke ta duniya da aka yi a Doha ta ƙasar Katar a watan Oktoban 2016, masu bincike sun ba wasu 'yan tsere ƙwayar auna zafi suka haɗiye. Mafi yawansu sun kai digiri 39, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun haura 40, wani ma ya kai 41.5. Waɗannan ƙwararru ne da likitoci ke biye da su a mota. Matashin da ya tashi daga Lugbe shi da abokansa ba shi da wannan gatan.

Manufar sanyaya jiki kafin tashi ita ce a fara tafiya daga ƙasa, a sauke zafin ciki da kamar rabin digiri, don a daɗe ba a kai bakin iyaka ba. Rabin digiri kamar ba komai ba ne, amma a cikin digiri 3 kaso ne mai tsoka. Kuma ba sabon abu ba ne: 'yan wasan Ostareliya sun sa riguna masu ƙanƙara a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, 'yan gudun yada-ƙanin-wani na Amurka sun yi haka a Atens a 2004, yau kuwa duk wanda ke kallon Tour de France, babban tseren keke na Faransa, a talabijin yana ganin 'yan tsere da ƙullin ƙanƙara a bayan wuya.

Hanyar da ta fi dacewa da mu, don arha da sauƙi, ita ce shan dakakkiyar ƙanƙara. Ba ruwan sanyi muke nufi ba, ƙanƙara ce da aka daka ta yi laushi aka haɗa da ɗan ruwa har ana iya ɗiba da cokali. Bambancin yana da girma. Kafin giram ɗaya na ƙanƙara ya narke sai ya zuƙe zafin da zai iya ɗaga giram ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa 80. Saboda haka rabin kilo na ƙanƙara yana cire wa jiki zafi fiye da ninki uku na abin da rabin lita na ruwan firij zai cire. A wani gwaji da aka yi a Ostareliya aka buga sakamakonsa a 2010, 'yan gudun da suka sha dakakkiyar ƙanƙara kafin su fara sun yi kusan minti 50 kafin su gaza a ɗaki mai zafin digiri 34, alhali da ruwan sanyi kaɗai kusan minti 41 suka yi.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne giram 7.5 ga kowane kilo na nauyin mutum. Mai kilo 60 zai sha giram 450, mai kilo 70 zai sha giram 525. Allah ya sauƙaƙa mana lissafin, domin ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce, wato giram 500. Ga yawancin 'yan kekenmu leda ɗaya ita ce adadin. Ga yadda ake haɗawa. Tun da daddare, ana gobe fita, a dama sukari cokalin cin abinci 5, a shafe ba a tsiri ba, da gishiri rubu'in cokalin shayi a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Wanda ya ga dama ya matsa lemun tsami ko ya yi da zoɓo marar kauri. A daskarar da kashi biyu cikin uku, a bar kashi ɗaya a firij. Da safe a naɗe daskararren a tsumma mai tsabta a daddaka da taɓarya, ko a zuba a injin markaɗe, a haɗa da ragowar ruwan, a ɗura a fulas ɗin abinci mai faɗin baki; litar nan ɗaya ta ishi mutum biyu. Sukarin nan ba don daɗi kaɗai aka sa shi ba, yana hana ƙanƙarar ta dunƙule ta zama dutse, kuma abinci ne ga tsoka. Fulas mai kyau zai riƙe ta daga gida har wurin taruwa. Ga wanda wutar lantarki ba ta tsayawa a unguwarsu, ya sayi daskararriyar fiya wata a wurin masu firiza, ya daka ta a cikin ledarta.

Ba a shanyewa a tashi ɗaya. A fara saura minti 35 ko 40 a tashi, a raba kashi uku ko huɗu, ana sha duk bayan minti 8 zuwa 10, a gama saura minti 5 ko 10. Wanda ya yi gaggawa zai ji kai ya sara masa daga goshi, ciki kuma ya murɗa. Ciwon kan yakan wuce cikin ɗan lokaci, amma murɗawar ciki tana iya bin mutum har Zuba. Don haka kada kowa ya fara gwada wannan ranar gasa. A gwada a ranar atisaye, a fara da rabin adadin, a ga yadda ciki zai karɓa. Mun san akwai iyayen da za su ce shan ƙanƙara cikin zafi yana kawo sanyin haƙarƙari. Cutar nimoniya ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, ba sanyin abin sha ba. Abin tsoro na gaskiya shi ne ruwan da aka yi ƙanƙarar da shi. Manyan bulo-bulon ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwa don sanyaya lemo ba a san da wane ruwa aka yi su ba, kuma daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin taifot ko na gudawa. Waɗannan na shafawa ne a waje, kada su shiga baki.

Sai sanyayawa ta waje, wadda idan aka haɗa ta da ta ciki aikin ya fi kyau. Ana buƙatar kula ɗaya, bulon ƙanƙara ɗaya, ruwa, da ƙananan tawul biyu ga kowane mutum. A fasa ƙanƙarar a cikin kula, a zuba ruwa, a tsoma tawul, a matse shi kaɗan yadda ba zai riƙa zuba ba, a shimfiɗa a kafaɗa da baya da ƙirji. Bayan minti 4 ko 5 tawul ɗin ya ɗumama, sai a mayar da shi kula a ɗauko na biyu. A yi ta juyawa haka har minti 20 zuwa 30, a zaune, a inuwa, ba hula, zif ɗin riga a buɗe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora tawul ɗaya a manta da shi. Tawul da ya ɗumama ya koma bargo, yana tare zafi maimakon ya fitar da shi. Kuskure na biyu shi ne ɗora tsurar ƙanƙara a kan fata. Tana ƙona fata, sannan ƙananan jijiyoyin jini sukan tsuke idan sanyi ya yi musu yawa, jinin ya gudu ciki, zafin da ake so ya fito ya maƙale. Kullum a sa ƙyalle tsakanin ƙanƙara da jiki.

Ƙafafu kuma a ƙyale su. Wannan shi ne wurin da masu ƙwazo suke cutar kansu: mutum ya ji ana maganar ƙanƙara sai ya shiga baho ya jiƙa cinyoyinsa, ya fito ƙafa ta yi masa nauyi, ayari ya tafi ya bar shi tun a kilomita biyar na farko. Tsoka mai ɗumi ita ce mai ƙarfi. Abin da ake so shi ne gangar jiki ta yi sanyi, ƙafa ta kasance da ɗumi. Saboda haka ba a barin ɗumama jiki gaba ɗaya, rage shi ake yi. Wanda ya saba yin minti 30 a lokacin hunturu, minti 10 zuwa 15 sun ishe shi a watan Maris, a hankali, da ɗan ƙara wuta sau biyu ko uku na 'yan daƙiƙu, a wurin da akwai inuwar bishiyoyi. Idan zai yiwu a yi shi da jiƙaƙƙen tawul a wuya. Wanda ke zaune kusa da wurin tashi zai iya yin wanka da ruwa mai sanyi kafin ya fito, yana taimakawa, sai dai ruwan tankin da ya kwana biyu a rana a saman rufi ba ruwan sanyi ba ne. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kada ya tsunduma cikin ruwan ƙanƙara sai ya tambayi likitansa.

Akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa wa kowa, don kada a ɗora wa wannan dabara abin da ba za ta iya ba. Amfaninta ba ya daɗewa. Bayan kamar rabin awa ana tuƙi, zafin ciki ya kamo inda zai kai ko da ba a sanyaya ba. A tseren kilomita 20 ko 40, ko a gasar da ake yi a filin tseren keke na babban filin wasa na Moshood Abiola, wannan rabin awar riba ce babba. A tafiyar awa huɗu kuwa farkon aikin ne kawai. Sannan a duba lokacin tashi. Ayarin da ya tashi ƙarfe 6 na safe bai cika buƙatar ƙanƙara a wurin taruwa ba, domin iska da sauran sanyinta. Zafin yana jiransu ne a hanyar dawowa, daga ƙarfe 10 zuwa sama. Irin waɗannan su ajiye fulas da kula a motar rakiya, su yi sanyayawar a wurin hutu na tsakiya, a Gwagwalada ko Zuba, kafin su juyo. Masu buƙatarta tun kafin tashi su ne waɗanda aka sa musu gasa ƙarfe 9 ko 10, da masu fita bayan La'asar, lokacin da kwalta take amayo zafin da ta sha tun hantsi.

A kan hanya, dabarar safa ita ce mafi sauƙi. A sami doguwar safa mai shara-shara, a cika rabinta da fasasshiyar ƙanƙara, a ƙulle baki, a cusa ta cikin wuyan riga ta baya ta zauna tsakanin kafaɗu. Tana narkewa a hankali, ruwan na bin baya, iska na busar da shi. A sa ta kafin a fara hawa, domin a hawa ne jiki ya fi tara zafi: a shimfiɗaɗɗen titi ana gudun kilomita 30 a awa iska na kwashe zufa, amma a hawan Mpape gudu yakan koma 10 ko 12, aiki ya ƙaru, iska ta ɗauke. Gora biyu ake ɗauka, ɗaya ta sha mai sukari da gishiri, ɗaya ta tsurar ruwa don zubawa. A zuba kaɗan-kaɗan a ka ta ramukan hula, da wuya, da hannuwa. Kada a bari ya gangara cikin wando da takalmi, domin jiƙaƙƙen wando a kan sirdi yana goge matsematsi har ya saɓe.

A nan yanayin iska yana canja shawara. Zufa ba ta sanyaya jiki sai ta bushe a kan fata, kamar yadda randar ƙasa take sanyaya ruwa saboda raɓar da ke tsatsowa ta jikinta tana bushewa. Wadda ta ɗiga a ƙasa asara ce. A Fabrairu da Maris iska busasshiya ce, zufa na bushewa nan take, don haka zuba ruwa a jiki yana aiki sosai. A irin wannan lokaci shan ƙanƙara ana cikin tuƙi bai cika amfani ba, saboda idan ciki ya ji sanyi jiki yakan rage fitar da zufa, abin da aka samu ta nan a rasa ta can. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, idan an yi ruwan farko garin ya ɗauki laima, zufa sai ta riƙa tsiyaya ba ta bushewa. A lokacin ne ƙanƙarar ciki da ta safa suka fi kowace dabara, kuma a lokacin zafi yana iya ka da mutum ko da ma'aunin zafi bai kai na Maris ba.

Duk wannan ba ya tsayawa a madadin ruwa. Awa 3 ko 4 kafin tashi a sha mililita 5 zuwa 7 ga kowane kilo, wato kusan leda ɗaya ga mai kilo 70. A duba fitsari da safe: idan ya yi ja kamar shayi, jiki a bushe yake. A hau sikeli kafin fita da bayan dawowa. Duk kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ta zufa, kuma idan ragin ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum, abin da yake sha a hanya bai isa ba. Wanda kuma ya dawo ya fi nauyin da ya fita da shi ya sha ya wuce kima, hakan ma yana da haɗari saboda gishirin jini yakan tsarma.

Ba ya kuma tsayawa a madadin sabo da zafi. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 ana motsa shi cikin zafi, kamar awa ɗaya ko ɗaya da rabi a kullum, kafin ya koyi fara zufa da wuri, ya rage zubar da gishiri, ya ƙara ruwan jini. Wannan ya fi shafar 'yan'uwanmu na Jos. Garinsu yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, suna da ƙarfin hawa ƙwarai, amma idan suka gangaro Abuja ana gobe gasa sai zafin ya yi musu ba-zata. Su zo da wuri, ko su mayar da wani ɓangare na atisayensu tsakar rana makonni biyu kafin ranar. Su ne kuma suka fi kowa buƙatar kula da tawul a wurin tashi.

Wasu abubuwa muna roƙo a bar su. Man shafawa mai minti irin na mura da alewa mai minti suna sa mutum ya ji sanyi, amma ba sa sauke zafin jiki ko kaɗan, don haka mutum zai ƙara wuta yana zaton lafiya lau. Magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, idan aka sha su jiki a bushe cikin zafi, suna iya taɓa ƙoda. Tramadol kuwa hukumar keke ta duniya, UCI, ta haramta shi a gasa tun 2019, kuma yana dushe alamun da jiki ke bayarwa cewa a tsaya. Wanda ya yi zazzaɓin cizon sauro, ko gudawa, ko amai a cikin makon, ya zauna gida, ƙanƙara ba za ta cece shi ba. Mai jinin AS ya san matsayinsa, ya sanar da shugaban ayari, kuma da ya ji ƙafafu sun saki ko numfashi ya gagara ya tsaya nan take. Mai azumi, idan Ramadan ya faɗo dab da bazara, ba shi da damar sha, sai tawul da inuwa. Shawararmu gare shi ita ce ya mayar da doguwar tafiya bayan buɗa-baki, da fitila gaba da baya.

Idan abin ya faru, alamar da ta fi muhimmanci tana ka, ba a fata ba. Kada a jira a ga zufa ta ɗauke, domin wanda zafi ya buga yana cikin tuƙi sau da yawa jikinsa sharkaf yake. A lura da abokin da ya fara tangaɗi a kan layi, ko yana maganar da ba kan gado, ko ya hau faɗa ba dalili, ko ya kasa faɗin inda ake. A sauke shi daga keke ko ya ƙi, a kai shi inuwa, a cire hula da riga, a juye masa ruwan ƙanƙara a duk jiki har da ƙafafun, a rufe shi da jiƙaƙƙun tawul ana canjawa, ana yi masa fifita. Wani kuma ya kira 112 ko ya nemo mota. Ana fara sanyayawa ne a wurin, a ci gaba da ita a cikin mota, domin minti 30 na farko su ne suke raba mai tashi da wanda ƙoda ko ƙwaƙwalwarsa za ta lalace. Ba a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa a baki, kuma farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin.

Ga masu shirya tsere da shugabannin ayari, roƙonmu ba mai tsada ba ne. A duba sanarwar hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ana saura kwana biyu, idan ta yi gargaɗin tsananin zafi a matso da lokacin tashi ko a rage nisa. A kafa rumfa a wurin taruwa, a gama jawabai da ɗaukar hoto a ƙarƙashinta, kada a jera mutane a layi sai saura minti 5. Motar rakiya ta ɗauki kula biyu, ɗaya ta abin sha, ɗaya ta tawul, da babbar leda ko tamfol da za a iya kwantar da mutum a ciki a zuba masa ruwan ƙanƙara. A ware bulon ƙanƙara biyu da ba wanda zai taɓa sai mutum na ƙarshe ya iso.

Wassalam.

Daga wasu masu horar da 'yan keke,
Abuja.